Takardar Zuciyar Inna

Ranar Litinin ɗin da Inna ta ɓata, maganin gwiwa kawai Gajera ta fita saya. Layi ta tarar a babban kemis na kasuwa, ta yi kusan awa guda. Da ta dawo ta iske ƙofa a kulle, gado a gyare, kofin shayi an wanke an kife shi. Inna ba ta nan. Farin akwatin da ke zama a gefen gadonta shi ma ba ya nan, sai shatinsa a kan tebur. Ƙwayoyin maganin zuciyarta kuwa ga su cikin robar nan mai gida bakwai, gidan Litinin kaɗai aka buɗe.

Gajera ce babbar 'yar Inna. Shekararta hamsin da biyu, amma sunan bai sake ta ba, don har yau kanta bai wuce kafaɗar uwarta ba. A aji huɗu ta bar makaranta ta zauna gefen keken ɗinkin Inna tana saka maɓalli da kalmasa bakin riga, da haka aka karantar da ƙanenta, wanda yanzu kowa ke kira Injiniya, Inna kaɗai ke ce masa Auta. Da mijin Gajera ya rasu sai ta dawo gidan Inna na hawa na biyu. Su biyu ne, uwa da 'ya, su yi faɗa da safe su shirya kafin shayi ya huce.

Bara zuciyar Inna ta fara gardama, tana cikin tafiya ta tsaya kamar tsohon agogon bango. Likitoci suka saka mata wata 'yar na'ura a ƙirji, ƙarƙashin fata, ba ta kai akwatin ashana ba. Ranar sallama wata nas mai tabarau ta yi bayani. Injiniya yana waje yana amsa waya, saboda haka Gajera ce ta saurara.

"Aikinta ɗaya ne," in ji nas. "Ba za ta bar bugun ya sauka ƙasa da sittin a minti ba. In zuciyar Inna tana aikinta, na'urar ta naɗe hannu. In ta yi shiru, na'urar ta buga sittin. Ita ba ta gajiya, ba ta kuma san wa take yi wa aiki ba. Wannan akwatin kuma ku jona shi a bango kusa da ita. Da tsakar rana da kuma yamma zai karɓi labari daga na'urar ya aiko mana."

Inna ba ta ɗauki bayanin haka ba. Ita a wurinta akwatin caja ne. "Waya ma ana yi mata caji," in ji ta, "bare zuciyar da ta yi shekara saba'in da takwas ba hutu." Ko banɗaki za ta sai ta waiwaye shi. Har riga ta ɗinka masa, da hannu, mai aljihun naɗe igiya.

Da hannu ta ɗinka, don a lokacin keken ya bar gidan. Injiniya ne ya karanta a wayarsa cewa injina suna rikita irin wannan na'ura. Gajera ta ce keken ƙafa ne, ba ruwansa da wuta.

"Ƙarfe ne dai ko, Yaya?"

"Ƙarfe ne."

"To kin gani."

Shi ya yanke hukunci, ita aka bar wa faɗa. Ta kira Mai Gyara, tsohon da ya shekara arba'in yana zuba wa keken mai, ta raɗa masa a bakin bene ya ba duk mai buƙata, kada ya dawo da shi. Inna kuma aka ce mata keken ya tafi gyara. Wata bakwai kenan. Duk mako sai ta tambaya, duk mako Gajera ta ƙirƙiro sabon uzuri. Yau bel ɗin bai iso ba, gobe Mai Gyara na fama da ciwon baya, jibi ƙarfen sai an aiko daga wata ƙasa. Inna takan dube ta ta saman tabarau ta ce, "To, Allah ya ba keken lafiya."

An kai rahoto wurin 'yan sanda tun ranar Litinin. Suka rubuta, suka ce a bar lambar waya. Injiniya ya ɗora hoton Inna a intanet, wanda ta fi ƙi duk cikin hotunanta, kafin rana ta faɗi mutanen da ba su taɓa jin muryarta ba suna kiranta Innarmu.

Ranar Talata da yamma nas ta kira. Akwatin ya aiko labari. Ma'ana an jona shi a wani wuri, Inna na kusa da shi, zuciyarta na bugawa. Gajera ta zauna a ƙasan kicin da wayar a hannu ta yi kukan da ta riƙe tun jiya. Suka je asibiti ita da Injiniya, nas ta ba su takarda doguwa mai layi yana hawa yana sauka, da lokuta a ƙasa.

"A ina take?" Gajera ta tambaya.

"Takardar ba ta faɗin wuri, ba ta faɗin dalili. Bugu da lokaci kawai. In ana son sanin inda akwatin yake sai 'yan sanda sun rubuta wa masu ƙera shi, su kuma sukan yi mako biyu."

"Maganinta fa? Ta bar shi a gida."

Nas ta cire tabarau ta goge. "Kwana biyar, shida, zuciyar za ta iya lallaɓawa. Bayan nan ba zan yi miki alkawari ba."

Injiniya bai ji wannan ba, yana ɗaukar takardar hoto. Kafin su iso gida ya riga ya ɗora ta, kuma duniya ta riga ta gama karanta ta.

Daga ranar falon Inna ya zama ofis. An janyo teburin cin abinci tsakiya, an manna takardun jiya da na yau da salatif. Mai Kemis na ƙasan bene, wanda mutanen layi ke ce wa Likita shi kuma bai taɓa gyara musu ba, ya rufe shago ya hawo da rula da jan biro. Gajera ce mai dafa shayi. Tana shiga tana fita da tire tana tsintar maganar uwarta daga bakin mutane.

"Ku duba nan," in ji Mai Kemis, ya ɗora rula. "Takwas da rabi na safe, bugu ya tashi daga saba'in ya haye casa'in da biyar. Me ke sa zuciyar tsohuwa ta yi wannan tsalle? Tsoro. Lokacin suke shigowa ɗakin."

"Ga shi kuma yana ɗan sauka yana hawa," in ji Injiniya.

"Tambayoyi ne. A yi mata tambaya, a saurara, a sake tsorata ta. Sha ɗaya daidai ya sauka na minti goma sha biyar. Sun fita shan sigari."

"Kullum sha ɗaya?"

"Ƙwararru ne, Injiniya. Da jadawali suke aiki. Ba ka ga har akwatin suka ɗauka ba? Jahili ba zai san akwatin nan ba. Akwai ɗan asibiti a cikinsu."

A waya abin ya fi haka. Injiniya na karantowa da ƙarfi, yana gyaɗa kai. Wani mai hoton zaki ya ce akwai zinariya a cikin na'urar, ita ake so. Wata ta ce mijin ƙanwarta ya taɓa tuƙa motar asibiti, kuma irin wannan layi na wanda aka ɗaure a kujera ne. Wani ya zana taswira, ya yi da'ira a kan wata tsohuwar masana'anta a bayan gari, mutum ɗari uku suka yaba masa. Wani kuma ya ce a fara da 'yar da ke zaune da ita, me ya fitar da ita awa guda sayen magani ɗaya? Injiniya ya karanta rabin wannan ya tsaya, ya yi tari, ya wuce na gaba. Gajera ta ajiye tire ta kwashe kofuna.

Mutum ɗaya ne ya ce ya ga Inna da idonsa, mai gadin ginin. Ya ce ta sauko da ƙafarta wajen tara da rabi, da jaka a hannu, ta gaishe shi, ta ce masa maɓallin rigarsa na lilo, ta nufi tashar bas.

"Abin da mai laifi zai faɗa kenan," in ji Mai Kemis.

Aka ɗora hoton mai gadi. Washegari 'yan sanda suka zo suka tafi da shi, da maɓallin nasa yana lilo.

Ranar Laraba da yamma, da aka manna takarda ta uku, Gajera ta tsaya da buta a hannu tana kallo. Ba ta iya karanta ƙananan rubutun ba, amma lamba da agogo ta san su. Takwas da rabi. Sha ɗaya. Ƙarfe ɗaya ya sauka, ya kwanta har uku. Uku ya tashi, huɗu da rabi ya sauka bai sake tashi ba sai gobe. Wani abu ya motsa a cikinta, kamar ta ji waƙar da ta manta.

Shekara talatin ta zauna gefen wannan jadawalin. Takwas da rabi rana ke shigowa taga, Inna ta ɗora ƙafa. Ta taka, ta tsaya ta juya yadi, ta ciji zare, ta sake takawa. Sha ɗaya shayi, ko gobara ake. Ɗaya abinci da kishingiɗa. Huɗu da rabi kuwa, da zarar haske ya bar taga, sai ta rufe keke, don ta ce ɗinkin fitila warware shi ake da safe.

"Auta," in ji Gajera. Sunan ya kuɓuce mata ne. "Wannan ai lokutan aikin Inna ne. Ɗinki take yi."

Mai Kemis ya yi murmushin da yake yi wa wanda ya zo neman maganin da babu.

"Yaya Gajera, wannan kimiyya ce."

"Na sani. Amma sha ɗayan nan shayi ne."

"Ɓarayi sun sace ta sun ba ta ɗinki kenan? Har da shayi?"

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Injiniya bai yi dariya ba. Ya dube ta a hankali ya ce, "Da wane keken, Yaya?"

Gajera ta ajiye butar. Da wane keken? Wanda ita da kanta ta raka har bakin bene? Ita ma ba ta san inda yake ba, balle tsohuwar da aka ce mata yana wurin gyara. Kuma in ta ja maganar, sai an tono wata bakwai na ƙarya a gaban mutanen layi, kowa ya san bakin wa ta fito. Ta ce, "Haka ne." Ta koma kicin ta ɗora wani ruwan.

Alhamis ta wuce. Mutum goma sha biyu suka tafi tsohuwar masana'antar nan da sanduna, suka dawo da ƙaiƙayi da labarin wani kare. Mai hoton zaki ya ce an tsegunta wa ɓarayin ne. Mai Kemis ya lura hawan bugun ya fara raguwa, casa'in da biyar ya koma tamanin da takwas, ya ce alama ce mai kyau, Inna ta fara sabawa da su. Gajera ta dubi robar magani a kan tebur. Gida uku a rufe waɗanda ya kamata a ce an buɗe.

Ranar Juma'a da la'asar ta shiga ɗakin Inna ta rufo ƙofa, don nan ne kaɗai ba a bayyana mata uwarta. Ta zauna bakin gado. Diddigenta ya nemi gwangwanin da ke zama a ƙarƙashi, wanda take buga ƙafa da shi kullum tana tsaki, bai same shi ba. Ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo ta leƙa. Gwangwanin zare babu. Ta ɗaga katifa ta gefen bango, inda Inna ke ɓoye babban almakashinta tun suna yara don kada a yanka takarda da shi. Babu. Tef ɗin awo da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa shi ma babu.

Kwana biyar mutane na shiga da fita gidan nan da rula. 'Yan sanda sun duba taga. Ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin katifa sai ita, ita kuma tana dafa shayi.

Ta yafa mayafi ta ratsa falo. Injiniya ya ɗago kai.

"Ina zuwa, Yaya?"

"Sukari ya ƙare."

Ta saka robar maganin a jaka, ta hau bas tasha biyu. Rumfar Mai Gyara a rufe take da kwaɗo. Mai faci na kusa da rumfar ya ce tsohon ya tafi kai wani keke, sai da safe, kuma bai san gidansa ba. Ta tsaya gaban kwaɗon har mai faci ya ba ta benci, sannan ta koma gida ba sukari.

Asabar tun bakwai tana bakin rumfar. Sai goma da wani abu ya iso, yana ɗingishi, da gorar mai a aljihu.

"A'a, 'yar Inna. Yaya Inna ta samu keken? Na ce mata ƙafar hagu na ɗan ƙara, ta ce ita ma tata na ƙara."

Gajera ta dafa bango. "Baba, ta zo nan?"

"Litinin da hantsi. Ta ce ke kika aiko ta."

"Ba ka ji ana nemanta ba? Duk duniya ta sani."

Ya zaro wayarsa, 'yar ƙarama mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. "Wace duniyar? Ni ba wanda ya tambaye ni."

"Me ta ce maka?"

Tsohon ya sosa gemu, ya kau da ido. "Ta zauna nan inda kike tsaye ta ce, yaya bayan naka? Na ce wane baya? Ta ce, wanda ya hana ka gyara wata bakwai. Sai ta yi dariya. Ta ce tun mako na biyu ta gane, don keken nan bel ɗinsa ba ya zuwa daga wata ƙasa, ita ke yanka shi daga tsohuwar fata. Ta ce ta bar ki ne ta ga iyakar inda basirarki za ta kai. Ta ce wadda ta fi burge ta ita ce ta jirgin ruwa."

Gajera ta tuna ta jirgin ruwa. Ta ce jirgin da ke ɗauke da ƙarfen ya lalace a teku.

"Ina keken yake, Baba?"

"Wurin wata mai ɗinkin labule, can ƙarshen layin bas. Ni na saka ta a mota. Bari in rufe in kai ki."

Tafiyar ta kusa awa ɗaya da rabi. Bas ɗin na tsayawa duk inda aka ɗaga masa hannu, da inda ba a ɗaga ba. Gajera ta rungume jaka a cinya, tana jin ƙwayoyin na kaɗawa cikin robarsu. Tana shirya abin da za ta ce. Da farko ta shirya faɗa, sannan ta warware ta shirya ban haƙuri, sannan ta ga gara ta miƙa mata magani da ruwa kawai, sauran ya biyo baya. Ta san amsar da za ta samu ma. Keke ya yi wata bakwai ba wanda ya neme shi, ni kwana shida kacal kun tayar da gari.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bayan wani gini, da babbar taga mai kallon gabas. Labulaye na rataye a igiya, wasu an gama, wasu da allurai a baki. Keken na gindin taga, baƙi, furannin zinariyar jikinsa sun goge a daidai inda hannun Inna ke sauka. An rufe shi da ƙyalle. Gajera ta dubi hasken taga, ta dubi ƙyallen. Haske na ciki sosai, bai kamata a ce keke a rufe yake ba.

Mai Labule mace ce kakkaura, ba ta fi arba'in ba, idanunta sun kumbura. Ta dubi Mai Gyara, ta dubi Gajera daga sama zuwa ƙasa, abin da ba ya ɗaukar lokaci.

"Ke ce Gajera," in ji ta. "'Yar'uwa, tun ɗazu nake neman wanda zan aika wurin Baba. Ba ta ba ni lamba ba, ba ta faɗa mini unguwa ba. Ta ce 'ya'yanta sun sani, sun ba ta hutun mako guda."

Ta ɗaga labulen ƙuryar ɗaki. Inna na kwance a kan doguwar kujera, ta gefen dama kamar yadda take kishingiɗa, tabarau a naɗe a hannu, an lulluɓe ta da wani labule mai ruwan ƙasa. Farin akwatin na jone a bango kusa da kanta, cikin rigarsa, 'yar fitilarsa na ƙyaftawa.

"Da safe ta sha shayi, ta taka kaɗan, ta ce saura kalmasa. Ta gama wajen tara, ta rufe keke, ta ce bari ta ɗan miƙe. Na rage rediyo don kada in tashe ta. Sha ɗaya na kawo mata shayi."

Gajera ta zauna a ƙasa. Ta kama hannun, ya yi sanyi. Ta zare tabarau daga cikinsa ta ajiye a kan akwatin. Jakarta ta zame daga kafaɗa, robar maganin ta faɗo, ba wanda ya ɗauka.

"Ta wahala?" ta tambaya.

"Wahala? Ni ta wahalar. Ta warware mini labule huɗu ta ce layina kamar tafiyar maye. Ta kore ni daga kekena, wai aro ta ba ni ban sani ba. Kwana biyar tana waƙa tana takawa. Na ce Inna ki huta, ta ce an hutar da ita wata bakwai har ta kusa mutuwa." Matar ta toshe baki da gefen mayafi. "Jiya dai na ga tana tsayawa da yawa. Na tambaye ta maganinta, ta nuna mini akwatin, ta ce ga cajarta nan."

Wayar Gajera ta yi ƙara. Injiniya ne, muryarsa a sama, ana jin hayaniyar falo a bayansa.

"Yaya, kina ina? Albishirinki. Takardar rana ta iso yanzun nan. Tun ƙarfe tara da minti goma layin ya kwanta, sittin cif, ba hawa ba sauka. Likita ya ce ba a taɓa ganin ta samu natsuwa haka ba. Sun daina taɓa ta, Yaya. Matsin da muka yi musu ne ya yi aiki, sun tsorata. Mutane sun ce yau ko gobe za su sake ta."

Gajera ta ɗora tafin hannu a ƙirjin Inna, ta hagu, inda fatar ta ɗan tasa. Ba ta ji komai ba. Amma ta san tana can ciki tana aikinta, sittin a minti, ba ta gajiya, ba ta san wa take yi wa ba.

"Yaya, kina ji na?"

"Ina ji, Auta. Ka je ka ce su saki mai gadi. Sannan ka samo mota ka zo ƙarshen layin bas. Kai kaɗai. Ka bar rular a gida."

Ta kashe wayar.

Mai Labule ta je wurin keken ta dawo da wani abu a ninke, shuɗi mai ƙananan ɗigo. "Daga ragowar yadina ta zaɓa. Shi take yi duk yamma bayan ta gama gyara mini ɓarnata. Ta ce naki ne. Na ce ba za ta auna ki ba? Ta ce ita ta haife ki."

Gajera ta miƙe ta warware rigar, ta kara a jikinta. Hannun ya wuce yatsunta. Ƙasan ya sauka har ya kwanta a kan siminti, kuma da ta juya bakin ta ga an kalmashe wani tafin hannu guda a ciki, da ɗinki mai sauƙin warwarewa. Haka Inna ta yi mata kowace riga tun tana shekara biyar. In ta yi ƙorafi a ce mata, bar ta, za ki girma ki cika ta.

"Ta yi miki yawa," in ji Mai Labule. "Kawo in rage miki, minti goma ne."

Gajera ta ninke rigar yadda take, hannu a kan hannu, ta rungume.

"Bar ta," in ji ta.